Fartanyar Habboba

Hanan, yau shekararki biyu da wata bakwai. Kina kwance a gefena kina barcin rana da yatsa a baki, ba ki san ana rubuta miki komai ba. Mutane kan bari sai sun tsufa kafin su zauna su rubuta abin da ya same su. Ni ba zan iya jira ba. Shekarata ashirin da huɗu, har yanzu ba na iya tsayawa kusa in an buɗe famfo da ƙarfi, amma in na ce sai na tsufa, maganar da ake yi a gidan nan za ta riga ni isa kunnenki ta zauna. Za a ce miki kakarki ta wajen uba ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta, ta goya ki ta shiga teku da ke. Ba haka aka yi ba. Ni na san yadda aka yi, kuma da hannuna a ciki.

A Jidda aka haife ni, nan unguwar Bani Malik, kamar yadda aka haifi Umma, mahaifiyata. Kakanninmu aikin hajji ya kawo su, ba su koma ba. Sakandare kaɗai na yi a Kano wajen gwaggona, shi ya sa nake rubutu da boko. Babanki Usman kuwa Bahaushen Sudan ne, yana aikin sito a Madinar Masana'antu. Da yaƙi ya isa garinsu, ya yi ta faman bin takardu har ya samo wa mahaifiyarsa bizar ziyara, irin wadda ake sabuntawa lokaci lokaci, kuma kowace sabuntawa sai da addu'a. Ni Inna nake ce mata. Ke da bakinki ya buɗe sai kika ce Habboba, yadda jikoki ke kiran kaka a Sudan, shi ke nan kowa ya ɗauka. Da jaka ɗaya ta sauka. A ciki akwai tobi uku, wato mayafin nan nasu mai tsawo, da carbi, da ƙarfen fartanya a naɗe cikin tsumma, babu ƙota.

Umma ta gani ta kama baki.

"Hajiya, a bene hawa na uku za ki yi noman?"

"Ƙarfen nan ya girmi Usmanu," in ji Inna. "Ina zan bar babba a cikin wuta in zo wajen ƙarami?"

Aka yi dariya. Babanki ya samo itace a wajen aikinsu ya sa mata ƙota don ya faranta mata, ta jingine ta a bayan ƙofa.

A shekarar na samu aikina na farko, wanda sunana ke rubuce a takarda. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauki mata a mashtal, wurin rainon ƙananan itatuwa, a bakin teku kudu da gari, bayan an wuce masana'antu sosai. Itacen da muke raino shura ake ce masa. Ban taɓa ganin irinsa a Kano ba. A cikin ruwan gishiri yake tsayawa, ƙafarsa a laka, in kika lashi ganyensa gishiri za ki ji. Mukan tsinto 'ya'yansa, koraye kamar manyan wake, mu shuka a baƙar leda, in sun kai tsawon kamu biyu mu kai su gaɓar da teku ta cinye mu dasa. Shugabarmu wata mace ce da muke kira Muhandisa, wato injiniya, takan zo sau ɗaya a mako biyu. Ranar farko ta tsayar da mu a gaban tsofaffin itatuwan shura da suka rage a wurin, ta ce bangon siminti kullum tsufa yake yi, shura kuwa kullum ƙarfi take ƙarawa, ita ke karya igiyar ruwa ta riƙe yashin gaɓa. Sai ta durƙusa ta nuna mana wasu tsinkaye da suka fito daga laka a gindin itatuwan, bila adadin, a tsaye kamar fensira.

"Waɗannan hancin itacen ne," in ji ta. "Laka ba ta da iska, da su yake numfashi. Ku taka a hankali."

Na ji, na riƙe. Abin da ban yi ba shi ne in maimaita wa wanda bai ji ba.

Habboba ba ta iya zaman bene ba. Wata guda ta yi ta rame. Da ba ni da inda zan bar ki, sai na roƙi mai kula da mu a wurin aiki ya bari ta riƙa bin motar tana riƙe mini ke. Ya ce shi bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Rumfarmu ta hutawa tana kan tudun yashi, daidai bayan tsofaffin itatuwan. Gabanta shura da teku, bayanta wani faffaɗan filin gishiri da hanyar mota ta ratsa. A nan take zama da ke, ta dafa mana shayi, ta riƙa kallon aikinmu tana girgiza kai. Ranar da ta ga muna ba shuka ruwan teku sai da ta tashi tsaye.

"Ya bitti, 'yata, wa ya koya muku noma? Gishiri ake ba shuka?"

Ladidi, wata 'yar Damagaram da muke aiki tare, ta ce, "Habboba, miya muke haɗawa, saura daddawa."

"Ke dai ki yi ta baki. Gonar da kuka bari ciyawa ta cinye haka, a garinmu ko aure ba za a nema a gidanku ba."

Muka yi dariya muka wuce. Wallahi na ji kalmar ciyawa da kunnena, ban tsaya na tambaye ta wace ciyawa take nufi ba.

Da zafi ya tsananta ruwan teku ya ja baya, kamar yadda yake yi kowace shekara, laka ta fito fili. Aka kai mu can ƙarshen gaɓa muna dashe, mako guda cur ba ma dawowa rumfa sai da azahar, ta bayan tudu, a gajiye. Na ga Inna ta fara zuwa da fartanyarta a cikin buhu, na ɗauka ƙaguwa take haƙa miki ki yi wasa. Ranar Alhamis ta kama hannuna, fuskarta cike da murna irin wadda ban gani ba tun zuwanta.

"Zo ki gani. In shugabarku ta zo, kada ki ce ni ce. Ki ce ke kika yi, a ƙara miki daraja."

Ta ja ni muka sunkuya ta ƙarƙashin rassa. Hanan, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Duk gindin itatuwan da ke gaban rumfa, faɗin gida biyu ko fiye, ta nome shi tas. Babu tsinke ko ɗaya. Ta sare su daidai da laka, ta tattara su tsibi tsibi a gefe kamar yadda ake tara ciyawa a gona, har ta bi da reshe ta share wurin. Aiki ne mai kyau, irin na wadda ta yi shekara hamsin tana noma. Daga inda nake ina hango allon da aka kafa a bakin hanya, wanda ya ce an hana sare shura kuma akwai hukunci. Abin da ya zo mini ba itatuwan ba ne. Bizarta ce, da saura 'yan makonni a sabunta. Na ga an rubuta sunanta a takardar laifi, na ga an sa ta a jirgi zuwa garin da gidanta ya ƙone. Na ga kuma nawa aikin ya tafi, tunda ni na kawo ta.

"Ba ki ce komai ba," in ji ta.

"Sannu da aiki, Inna. Ya yi kyau."

Haka na ce. Na karɓi fartanyar na ce ƙotar ta yi sako-sako, Usman zai gyara, na kai gida na tura ƙarƙashin gado. Kafin mota ta zo na kwashe tsibin nan na binne a bayan tudu, na jawo busasshiyar ciyawar teku da ruwa ke tarawa a gaɓa na baza a kan wurin. Laka ta rufe sauran. Ban faɗa wa babanki ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Itace ba ya mutuwa rana ɗaya. Ganyen ya fara yin rawaya daga sama, sai ya riƙa zuba. Muhandisa ta zo ta tsinki ganye ta sa a leda, ta ce wataƙila gishiri ne ya yi yawa saboda zafin bana, ko wani abu ne ruwa ya kawo daga wajen masana'antu. Ina tsaye a bayanta ina riƙe mata ledar. Da sanyi ya matso ruwa ya dawo ya rufe lakar, sai na ji kamar an binne maganar. Amma manomiya ba ta bukatar a faɗa mata. Wata rana ina shan shayi ta zauna kusa da ni, ta daɗe tana kallon busassun rassan.

"Ya bitti, daga inda na fara zuwa inda na tsaya, nan ne suka mutu. Ko itace ɗaya bai wuce ba."

"Gishiri ne, Inna. Muhandisa ta faɗa."

"Gishirin ya san inda fartanyata ta tsaya?"

Sai na faɗa mata, a hankali, cewa ba ciyawa ba ce. Ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Tsohuwar da ta ba mu labarin ƙonewar gidanta ido a bushe, ranar na ga kafaɗunta suna rawa.

"Na toshe musu hanci," in ji ta. "Ki kai ni wajen matar nan in faɗa mata da bakina."

"Halas, shi ke nan, Inna, ya wuce. In kika faɗa za su mayar da ke. Ki rufa mana asiri, don Allah, don Usman."

"To dubi can." Ta nuna da haɓa. "Kwana nawa ina zaune ina kallo. Inda tsinkayen suke, ruwa yana shiga da gudu ya fito da rarrafe. Inda na nome, kai tsaye yake zuwa. Jiya ya ci yashin nan har taku biyu. Rumfar nan ba wurin zama ba ce."

"In an sabunta bizar sai mu san yadda za mu faɗa."

Aka sabunta bizar. Ban faɗa ba. Na ce sai mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zo na ce sai na gaba.

Ranar da abin ya faru, tun safe aziyab ke busawa, iskar kudu mai ɗumi da ke tura ruwa zuwa gaɓa. Hadari ya haɗu ta wajen teku, baƙi ƙirin. Mai kula da mu ya ce yalla, maza mu ruga ƙarshen gaɓa mu kwaso ledojin shuka kafin ruwa ya tafi da su, mota za ta dawo ta ɗauke mu duka. Na bar ki a rumfa, a cinyar Inna, kina cin dabino. Ba mu kwashe rabi ba sama ta buɗe. Kin san ruwan Jidda, ko za ki sani: shekara guda babu, in ya zo sai ya zo gaba ɗaya. Kafin mu ankara filin gishirin da ke bayanmu ya zama tafki, hanyar mota ta ɓace. Na ɗaga kai na duba wajen rumfa. Duk tsawon gaɓar koren shura ne a jere, ruwa yana dukansa yana komawa, sai wuri ɗaya da babu ganye, kamar an cire haƙori. Ta nan na ga farin kumfa yana shiga, ɗaya bayan ɗaya.

Na yar da abin da ke hannuna na ruga. Ladidi tana bina tana kiran sunana. Na faɗi ban san sau nawa ba. Da na isa babu rumfa. Babu tudun ma. Teku ta yanke shi biyu ta haɗe da ruwan da ke baya, kwanon rufin yana can yana juyi, butar shayinmu tana yawo a kai. Na ga takalminki ɗaya, ja, yana zagaye a wuri guda. Ban yi ihu ba. Na tsaya kawai cikin ruwa har gwiwa ina kallon takalmin, ina jin kamar wani ne ke kallo ba ni ba. Ladidi ta riƙe ni ta baya don kada in bi shi.

Ita ce ta ji.

"Ke, yi shiru. Kuka ne."

Ba daga tudu yake zuwa ba. Daga cikin itatuwa ne, ta hannun dama, inda shura ke da rai. Muka kutsa, tsinkayen suna soke mana ƙafa. A ciki ruwan ya kai mana ƙirji amma ba ya ja, sama da ƙasa kawai yake yi. Can muka same ku, ke da Inna. Ta ɗaure ki da tobinta a saman kafaɗunta, kanki ya fi nata tsawo, ta zagaya sauran tobin a jikin wani kakkauran itace ta ƙulle a ƙugunta, ta rungume reshe da hannu biyu. Ita gajeriya ce, duk lokacin da ruwa ya ɗaga sai ya rufe mata baki. Ke ko gashin kanki ruwan sama ne kawai ya jiƙa. Sai da muka ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya daga reshen. Ta buɗe ido ta gan ni, ta yi tari, ta ce:

"Nan ba ya gudu. Na gaya miki."

Kwana tara ta yi a asibiti. Ruwa ya shiga ƙirjinta, tafin ƙafafunta duk a huje, don ba takalmi ta bi ta kan tsinkayen. Rana ta takwas, babanki ya fita sallar la'asar, ta jawo hannuna.

"Kin faɗa wa matar?"

"Zan faɗa, Inna."

"Usmanu fa?"

"Zan faɗa."

Washegari da hantsi ta rasu.

A wajen zaman makoki maganar ta fara. Ba da mugunta ba, da tausayi, shi ya sa ta fi ciwo. Ina raba shayi ina ji. Umma ce ta fara faɗa a fili.

"Baiwar Allah, abin da ta gani a yaƙi ya taɓa mata kai. In ba haka ba, wa zai ga ruwa ya nufi ruwa da jika a wuya? Ga tudu a bayanta."

"Ai tun da ta zo da fartanya na san da sauran magana," in ji wata maƙwabciya.

Babu wanda ya san tudun ya riga ya tafi, ko cewa filin da ke baya in ya jiƙe yana haɗiye mutum har cinya. Ni na sani, na ci gaba da zuba shayi. Babanki ya jira sai da mutane suka watse. Ya ɗauke ki ya daɗe yana shinshina kanki, sannan ya ce, ba da ni yake ba, da bango yake:

"Allah Ya yafe mata. Ba ta san abin da take yi ba."

Uwarsa yake nema wa gafara a kan abin da ta yi daidai. Tun ranar ba ya ambaton sunanta. Hotonta da ke wayarsa ya cire daga fuskar wayar.

Kwana arba'in na yi ina ɗauke da wannan. Shekaranjiya na koma mashtal. Ruwa ya wanke lakar, kututturan tsinkayen sun fito a jere, sara ɗaya ɗaya, kowa na gani. Muhandisa tana tsugune a kansu tana shafawa da yatsa. An ce ta tambayi matan duka, kowa ya ce bai sani ba, kuma da gaskiyarsu. Na tsaya a bayanta na faɗa mata komai, tun daga ciyawa har ledar ganye da na riƙe mata. Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Tsohuwa da fartanya," in ji ta. "Kina tsammanin ita zan kai ƙara? Da kin gaya mini a ranar, da na sa an ɗauke rumfar an kafa shinge a wurin. Aikin rabin yini ne."

Rabin yini, Hanan. Ina ta maimaita shi a mota har gida.

Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, kuma ba ta san abin da kamfani zai yanke a kaina ba. Ta ce gurbin nan za a sake dasa shi, amma kafin ya yi ƙarfin da zai tare ruwa ke kin isa shiga sakandare. Ban roƙe ta komai ba. Na ce kawai in za ta rubuta, ta rubuta har da inda aka same ku, da dalilin da ya sa tsohuwar ta nufi can. Ta ce za ta rubuta.

Saura mutum ɗaya. Fartanyar tana nan ƙarƙashin gadon da kike kwance, ɗazu na jawo ta na ajiye a tsakar ɗaki, da busasshiyar laka a bakinta. Da na fara rubutun nan na yi niyyar in miƙa wa babanki littafin in shige kicin ya karanta shi kaɗai. Sai da na kai rabi na tuna. Babanki da Larabci ya yi karatu, bai iya boko ba. Da bakina zan karanta masa, tun daga layin farko, yana kallona.

An kira la'asar tun ɗazu. Motar ma'aikatansu ta tsaya a ƙasa, na ji ƙarar ƙofarta. Ga takunsa nan a matakala, yana hawa a hankali kamar yadda yake yi tun rasuwarta. Ban san da wace fuska zai dube ni ba in na gama. Amma yau zai san uwarsa da hankalinta ta shiga ruwan nan.